Hashiya A Kan Zahiri: Na'urar Da Ke Nuna Wa Ɗalibi Abin Da Ido Ba Ya Gani

  

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure da littafi a hannu ya san abin da ake ce wa hashiya. Malam yana jan baƙi yana fassarawa, almajiri kuma yana biye da shi da alƙalami, yana rubuta ma'anar kalma mai wuya da ƙananan haruffa a ƙarƙashinta ko a gefen shafi, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da ajami. Matani yana nan yadda mawallafinsa ya bar shi, ba a goge masa ko ɗigo ɗaya ba, amma an ɗora masa bayani a daidai wurin da ido zai buƙace shi. Na fara da wannan ne domin ban sami misalin da ya fi shi kusa da abin da nake so mu duba a wannan wata ba, wato wata fasaha ta kwamfuta wadda Larabawa ke kira al-waƙi'ul mu'azzaz, Turawa kuma suka taƙaita sunanta da haruffa biyu, AR. Ni dai a nan zan kira ta ƙari kan zahiri, kafin masana harshe su samo mata sunan da ya fi wannan dacewa.

Ga yadda take aiki. Mutum ya ɗaga wayarsa, kyamarar wayar ta ɗauko abin da ke gabansa, ɗaki ne ko fili ko shafin littafi. Manhajar da ke cikin wayar sai ta auna inda ƙasa take, da inda tebur yake, da wajen da wayar ta fuskanta, sannan ta zana wani abu a kan wannan hoto na zahiri, rubutu ko kibiya ko wata siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. Da yawa daga cikin masu karatu sun riga sun yi amfani da ita ba tare da sun san sunanta ba. A watan azumin shekarar 2017 kamfanin Google ya fitar da wani shafi mai suna Qibla Finder, wanda idan matafiyi ya ɗaga waya yana juyawa da ita a hankali, zai ga alamar alƙibla ta bayyana a kan bangon ɗakin da ya sauka. Bangon na gaske ne, alamar ce ƙari. Wani masani ɗan Amurka, Ronald Azuma, ya gindaya wa fasahar sharuɗɗa uku a shekarar 1997, har yau kuma da su ake auna ta: ta haɗa zahiri da zanen kwamfuta, ta amsa wa motsin mutum nan take, kuma zanen ya zauna daram a wurinsa ko da mai kallo ya zagaya shi.

Wajibi ne a bambanta ta da 'yar'uwarta, wadda ake rufe wa mutum ido gaba ɗaya da wani kwalkwali mai tabarau, a jefa shi cikin wata duniya ta ƙirƙira. Waccan ta ɗauke matani ne ɗungurungum ta ajiye wani a madadinsa. Irinta ce hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta ƙaddamar a ƙarshen shekarar 2021 don a ga Hajarul Aswadi daga nesa, har surutu ya yi yawa, hukumar al'amuran addini ta Turkiyya ta fito a farkon 2022 tana bayanin cewa ziyara ta cikin tabarau ba ta zama aikin hajji. Wadda muke magana a kanta ba ta fitar da ɗalibi daga aji. Yana ganin malaminsa, yana ganin abokan karatunsa, yana ganin hannunsa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Tun a shekarar 1968 Ivan Sutherland ya ƙera tabarau na farko irin wannan a Jami'ar Harvard, wanda aka rataye shi daga rufin ɗaki. Sunan da Turawa ke kiran fasahar da shi kuwa ya fito ne daga kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing wajen shekarar 1990, ta bakin wani injiniya mai suna Tom Caudell. Ma'aikatan kamfanin suna harhaɗa ɗaurin wayoyin lantarki na jirgi a kan manya-manyan alluna, kowane samfurin jirgi da nasa allo da nasa zane, sai Caudell da abokin aikinsa David Mizell suka yi tunanin tabarau da zai nuna wa ma'aikaci hanyar da kowace waya za ta bi a kan allon da babu zane a kansa. A lura da kyau: fasahar a wurin koyar da hannu aiki aka raɗa mata suna, ba a gidan wasa ba. Gidan wasa daga baya ya karɓe ta, musamman a 2016 da wasan Pokémon Go ya sa miliyoyin mutane yawo a tituna suna farautar dodannin da babu su sai a fuskar waya. A 2017 da 2018 kamfanonin Apple da Google suka saka ginshiƙanta a cikin wayoyin hannu, daga nan ta shigo aljihun mutane.

To mene ne amfaninta ga mai neman ilmi?

Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddima cewa mai fara karatu ba ya iya kama ma'ana tsagwaronta, sai an kusanto masa da ita sannu a hankali ta hanyar misalan da gaɓɓai ke riska, kuma ya zargi malaman zamaninsa da suke jibga wa yaro mas'aloli masu wuya tun ranar farko har ya tsani fannin. Tun kafin shi ma, Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zana wa sahabbai siffa mai kusurwa huɗu, da layi a tsakiya wanda ya zarce ya fita waje, da ƙananan layuka a gefensa, don ya nuna musu mutum da ajalin da ya kewaye shi da burinsa da ya wuce ajalin. Mutanen da suka fi kowa fasahar harshe da ƙarfin hadda ne aka yi wa zane. Ashe ke nan nuna wa ido abin da kunne ya ji ba raini ba ne ga hankali.

Ni kaina na san zafin rashin wannan. Na haddace cewa zuciya tana da ɗakuna huɗu, na rubuta a jarrabawa, na ci, alhali kuwa ban san ta ina jini ke shiga ya fita ba, domin zanen da aka yi mana a allo da alli ya fi kama da mangwaro. Haka na karanta babin gane alƙibla da taurari a littattafan fiƙihu, na iya jero sunayensu da Larabci, amma da za a fitar da ni fili da dare a ce in nuna ɗaya, da kunya ta ishe ni. Kakata wadda ba ta taɓa riƙe littafi ba ta fi ni sanin sama: ta san Zara, ta san Gamzaki, ta san Kaza da 'Ya'yanta da lokacin fitowarsu. Ba hadda nake zargi ba, domin hadda taska ce, kuma da ita aka tsare mana ilmi mai yawa. Abin da nake zargi shi ne haddar lafazin da babu wata sura a bayansa, irin wadda ta cika makarantunmu na boko da na Islamiyya baki ɗaya.

A ganina fasahar ƙari kan zahiri tana da wurare ƙididdigaggu inda babu abin da ya kama ƙafarta, su ne inda abin da ake karantawa yake ɓoye a cikin wani abu, ko yake da zurfin da takarda ba ta iya nunawa, ko yake da hatsari ko tsadar da ba za a kawo shi aji ba. Mafi bayyanar misali shi ne ilmin sassan jikin ɗan Adam. Jami'ar Case Western Reserve da ke birnin Cleveland a Amurka ta gina darasi sukutum mai suna HoloAnatomy a kan tabarau na HoloLens, ta kuma shigar da shi cikin karatun ɗaliban likitanci a 2019. Ɗalibai su tsaya da'ira da malaminsu, kowa sanye da tabarau, sai ga surar jikin mutum tsaye a tsakiyarsu. Malam ya ɗauke fata, ya ɗauke tsoka, ya bar jijiyoyi kaɗai, ɗalibi ya zagaya ta baya, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin haƙarƙari, ya ga inda wata jijiya ta ratsa, abin da a jikin gawa sai an yi sa'o'i ana yanka kafin a kai gare shi, in an yi kuskure kuma ba a mayarwa. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, jami'ar ta aika wa ɗalibai tabarau har gidajensu aka ci gaba da darasi.

Wannan misali ya shafe mu ta wata fuska da ba kowa zai lura da ita ba. Feɗe gawa don koyon likitanci mas'ala ce da ta daɗe tana damun malamai, saboda alfarmar ɗan Adam ba ta faɗuwa da mutuwarsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a shekarar 1987 ta halatta shi don koyarwa, amma da sharuɗɗa, daga ciki akwai izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, da tsayawa a gwargwadon lalura, da binne dukkan sassan bayan an gama. Duk na'urar da za ta rage yawan gawarwakin da ake buƙata, ta kuma sa ɗalibi ya iso gaban gawa ya riga ya san abin da yake nema, to ta taimaka wajen tsayawa a gwargwadon lalurar nan. Ban ce ta maye gurbin gawa ba. Surar kwamfuta tsaf take, kowace jijiya da launinta, jikin mutum kuwa ba haka yake ba, kowa da yadda aka halicce shi, kuma hannun likita sai ya taɓa yake sanin taushi da tauri.

Amma misalin da ya fi burge ni ba shi da tabarau ko kaɗan, kuma da yashi aka yi shi. A shekarar 2012 wani masanin kwamfuta a Jami'ar California da ke Davis, Oliver Kreylos, tare da abokan aikinsa, suka haɗa wani akwati cike da yashi. A samansa suka rataye kyamarar Kinect, wadda ke auna nisan abu, da kuma na'urar haska majigi. Yaro ya tara yashi ya yi tudu, nan take majigin ya haska wa tudun launin tsauni, ya zagaye shi da layukan nan da ake gani a taswira masu nuna tudu da kwari. Ya haƙa rami, layukan su sauya. Ya buɗe tafin hannunsa a saman yashin, sai ruwan sama na haske ya zubo, ya gangara ta inda ruwan gaske zai bi, ya taru a kwari. Ya gina madatsa da hannunsa, ruwa ya taru a bayanta, ya fasa ta da yatsa ya ga inda ambaliya za ta nufa. Manhajar kyauta suka sake ta, makarantu da gidajen tarihi da yawa a ƙasashe daban-daban sun haɗa nasu.

Layukan taswirar nan suna cikin abubuwan da ke ba ɗaliban labarin ƙasa wuya ƙwarai, ga shi yaro ɗan shekara goma yana gane su cikin 'yan mintoci domin da hannunsa ya yi tudun. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ko wanda zaizayar ƙasa ta cinye wa gona, ba ya buƙatar a gaya masa cewa sanin hanyar ruwa ilmi ne na ceton rai. Mutum nawa ne suka gina gida a kan hanyar ruwa don ba su taɓa ganin unguwarsu daga sama ba?

Sauran misalan a gurguje. Manhajar lissafi ta GeoGebra, wadda kyauta ce, tana ajiye siffar lissafi a kan teburin ɗalibi ya zagaya ta. Manhajojin taurari irin su Star Walk da SkyView suna rubuta sunan kowane tauraro a kansa idan aka ɗaga waya sama, suna kuma nuna inda jinjirin wata ya kamata ya tsaya a daren dubansa. A nan sai a kiyaye: wayar tana nuna wa ido inda zai duba ne kawai. Wanda ya ga jinjirin wata a fuskar waya bai ga wata ba.

Shin bincike ya tabbatar da amfanin? Ya tabbatar da wani abu, amma bai kai yadda 'yan talla ke kururutawa ba. A 2019 wasu masu bincike biyu, Garzón da Acevedo, suka tattara nazarce-nazarce 64 da aka yi a kan fasahar, suka sami cewa tasirinta ga fahimtar ɗalibai matsakaici ne. Matsakaici ba kaɗan ba ne a harkar koyarwa, amma ba mu'ujiza ba ne. Sannan yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje gajeru ne, kuma kowane malami ya san cewa yaro yakan miƙa wuya ga duk sabon abu mako ɗaya ko biyu kafin ya zame masa jiki. Rahoton hukumar UNESCO na shekarar 2023 a kan fasaha a cikin ilmi ya yi gargaɗin cewa ƙwararan hujjoji a wannan fage ba su da yawa, kuma kaso mai yawa na waɗanda ake da su daga masu sayar da kayan suke fitowa. Shaidar mai kaya a kan kayansa kuwa mun san matsayinta.

Na san wani ɗan'uwa zai ce, ina batun surori? Tambaya ce mai kyau, kuma saɓanin malamai a kan hoto sananne ne, ba a wannan shafi za a warware shi ba. Abin da zan ce kawai shi ne malamai da dama na wannan zamani sun yi rangwame ga surar da ake buƙata don koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, take wasa da su, kuma babban ɓangare na abin da na ambata, tudu da kwari da taurari da siffofin lissafi, ba masu rai ba ne balle a yi gardama.

Abin da ya fi damuna daban ne, shi ne halinmu na son kayan alatu. Na taɓa shiga wata makaranta aka buɗe mini ɗaki na musamman, kwamfutoci jere an lulluɓe su da yadi, ƙura ta yi musu rawani. An kawo su da biki da jawabai, ba a koya wa malami ko ɗaya yadda zai yi darasi da su ba, wutar lantarki kuma sai a yi kwana uku ba a gan ta ba. Ina tsoron ranar da wani mai kuɗi ko wani jami'i zai ji labarin tabarau ɗin nan ya ce a sayo. HoloLens na biyu dalar Amurka 3,500 aka sa masa da ya fito a 2019. A watan Oktoba na 2024 kamfanin Microsoft ya sanar da daina ƙera shi, ya ce zai ci gaba da kula da manhajarsa zuwa ƙarshen 2027 kawai. Google ma ya taɓa fitar da Expeditions don makarantu, malamai da yawa suka gina darussansu a kansa, sai ya rufe shi a tsakiyar 2021. Hatta kyamarar Kinect da aka gina akwatin yashi a kanta an daina ƙera ta tun 2017, sai dai a nemi tsohuwa ko wata makamanciyarta. Littafin da kakanka ya saya yana nan yana karantuwa. Na'urar da makaranta ta saya bana, wani zama da za a yi a wani ofis a Amurka ya isa ya mayar da ita kwalliya. Jami'ar da ke da dukiya za ta iya jure wannan. Makarantar da iyaye ke tara mata kuɗin alli ba za ta iya ba.

Har ila yau akwai aibin da masu hashiya na da suka sani. Wani littafi za ka buɗe ka tarar matani layi biyu ne a tsakiyar shafi, sharhi da hashiya da ta'aliƙi sun kewaye shi har sun shaƙe shi, ɗalibi ya ƙare shekara yana cikin gardamar masu sharhi bai san abin da mawallafi ya ce ba. Haka manhajar da aka cika ta da walƙiya da kiɗa da abubuwa masu tsalle take yi: yaro ya fita aji yana ba da labarin yadda zuciya ta yi ta juyi a kan tebur, ka tambaye shi aikin ɗaki na hagu ya yi shiru. Ga kuma ita wayar kanta, wadda ƙofa ce ta shiga kowane irin lungu. Rahoton UNESCO da na ambata ya nuna cewa a lokacin fitarsa kusan ƙasa ɗaya cikin kowace huɗu ta taƙaita ko ta hana waya a makarantu. Ba zan ba da shawarar a damƙa wa kowane yaro waya da sunan ƙari kan zahiri ba.

Abin da nake gani ya dace da mu ƙarami ne, kuma ana iya fara shi bana. Waya ɗaya ko allon hannu ɗaya a hannun malami, a fito da shi minti goma a daidai gaɓar da bayani ya cije, yara su matso rukuni-rukuni su gani, a mayar da shi aljihu a koma kan allo. A duba tun kafin a saya, domin ba kowace waya mai araha ce ke ɗaukar waɗannan manhajoji ba, kuma a fifita manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba. Kwalejojin horon malamai da sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu su haɗa akwatin yashi, tunda kafinta na unguwa zai iya ƙera akwatin, yashi kuwa ba a sayo mana shi daga waje. Bayan kowane darasi malam ya karɓe na'urar, ya miƙa wa yaro alli ya ce zana mini abin da ka gani, ka yi mini bayaninsa da bakinka. In ya iya, na'urar ta yi aikinta. In bai iya ba, kallo ya sha.

Saura aiki ɗaya, wanda ya rataya a wuyan matasanmu da suka karanci kwamfuta. Kusan duk bayanin da waɗannan manhajoji ke ɗorawa a kan zahiri da Turanci yake, ko wasu harsunan da yaron ƙauye bai sani ba, alhali amfanin hashiya tun asali shi ne ta zo da harshen da almajiri ke ji. Kayan gina irin waɗannan manhajoji a buɗe suke, tun daga ARToolKit da Hirokazu Kato na Japan ya fitar a 1999 har zuwa na yau. Ina jiran ranar da zan ɗaga waya sama da dare in ga an rubuta Gamzaki a kan Gamzaki, in kuma ɗora ta a kan shafin littafin kimiyya na aji huɗu in ji an yi wa yaro bayanin hanyar jini da Hausar da uwarsa ke yi masa magana da ita. Wanda ya fara wannan aiki ya aiko wa wannan mujalla da labari, za mu je mu gani da idonmu.